Yadda Ake Adana Hotunan Tsakar Gida

Washegarin sadakar bakwai ɗin kakarmu aka buɗe adakarta a gidanmu da ke Gangare, cikin garin Jos. A ƙarƙashin zannuwa da kwalaben turare muka tarar da wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna. Yawancinsu na situdiyo ne: maza cikin babbar riga, hannu bisa gwiwa, labule a baya, fulawar roba a gefe, kowa ya kame. Aka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu ana "Allah ya jiƙan wane". Can sai aka zo kan wani ɗan ƙarami, a karkace, da gani ka san wani ne ke gwajin kyamara. Kakarmu Hajiya ce tsugune gaban murhu tana hura wuta, ta ɗora suwaita kan zani saboda sanyin hunturu, ga langa a gefenta, ga turmi a kife, ga bishiyar fiya da aka sare tun kafin a haife ni. A bakin hoton akwai rabin ƙafar yaro sanye da silifas. Kawu, wanda yanzu ya haura sittin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ƙafata ce." Ɗakin ya yi tsit.

Hoton situdiyo yana nuna yadda mutum ya so a gan shi ranar da ya yi kwalliya. Hoton tsakar gida kuwa yadda ya rayu yake nunawa, da gidan da ya rayu a ciki, da kwanon da ya ci abinci. Shi ne aka fi rainawa, shi ake fara gogewa idan waya ta cika, amma bayan shekara talatin shi ake nema ido rufe. Mu mutanen Jos muna da ƙarin dalilin kula da wannan. A rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 gidaje da yawa sun ƙone, na Musulmi da na Kirista. Da yawa sun sake gini, sun sake sayen katifa da tukwane. Fuskar mahaifin da ke cikin albam ɗin da ya ƙone kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Ga yadda muka bi da namu, mataki bayan mataki.

Da farko, a tattaro su

Hotunan dangi ba sa zama wuri guda. Ku duba adakar tsofaffi, ƙasan katifa, saman wadirob, aljihun jakar Makka, tsakiyar tsofaffin littattafai, da bayan firam, domin sau da yawa akan ɗora sabon hoto a kan tsoho. Ku tambayi goggonni da 'yan uwan da aure ya kai Bukuru ko Bauchi ko Abuja, don amarya takan tafi da nata kason.

Tsofaffi ba sa son rabuwa da hotunansu, kuma suna da gaskiya, an sha ara ba a dawo da su ba. Kada ku nemi tafiya da komai. Abin da na ce wa Goggo shi ne, "Goggo, ba fita zan yi da su ba. A gabanki zan ɗauka a waya in mayar miki da kayanki." Nan take ta ɗauko jakar da ta shekara goma tana cewa ba ta san inda take ba.

Kafin ku taɓa hoto ku wanke hannu da sabulu ku goge ya bushe sarai. Da hunturu kowa a Jos hannunsa sharkaf yake da basilin, shatin yatsa mai maiƙo kuwa ba ya fita daga fuskar hoto. A riƙe shi ta gefe. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, a kawar da kofin shayi daga wurin.

Na biyu, sunaye. Wannan ne ba ya jira

Mutane sukan fara da neman sikana, wato na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, da albam mai kyau. Ni a ganina kuskure ne. Takarda za ta iya ƙara shekara biyar a gwangwani, tsohuwar da ta san waye a cikin hoton ita ce ba ku da tabbacin samunta baɗi. Daga cikin hotunan Hajiya akwai goma sha ɗaya da har yau ba wanda ya san mutanen ciki, saboda mai sanin ta tafi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ku zaɓi lokacin da babba ke da natsuwa, bayan la'asar ko bayan isha'i. Ku nemi izininta, ku kunna abin naɗar murya na waya ku ajiye a gefe. Ku riƙa miƙa hoto ɗaya-ɗaya, kuna faɗin lambarsa da ƙarfi don ta shiga cikin naɗin: "Hoto na sha biyu." Tambayoyin ba su da yawa. Su wane ne, daga dama zuwa hagu? A gidan wa ne? Sha'anin me ake yi? Wa ya ɗauka? Daga nan ku yi shiru ku bar ta. Idan ta saki zancen hoton ta shiga labarin yadda mijinta ya zo Jos aikin kuza, ko yadda ake tafiya a jirgin ƙasa, kada ku dawo da ita hanya. Wannan labarin ya fi amsar da kuka nema.

Akwai wani abu namu da zai iya ɓata muku rubutu: alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Za ta ce "Malam ne", ko "mai sunan Malam", ko "yaron nan". Kada ku matsa mata. Ku rubuta yadda ta faɗa, daga baya ku tambayi wani kawu sunan yanka. Ku rubuta duka biyun, sunan yanka da laƙabin da gida ya san mutum da shi, domin jikokin da za su karanta wataƙila ɗaya kawai suka taɓa ji.

Shekara kuwa da wuya a faɗa muku ita kai tsaye. Za a ce "shekarar da aka haifi wance" ko "lokacin Shagari", wato tsakanin 1979 da 1983. Sauran aikin hoton da kansa zai taya ku. Ku duba kusurwarsa, wasu kyamarori suna buga kwanan wata da jan rubutu. Ku juya bayansa ko akwai hatimin situdiyo. Ku ƙura wa bango ido ko akwai kalanda. A hoton biki ku dubi kuɗin liƙi: naira 50 ta takarda ta fito a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, naira 1000 kuma a 2005, don haka hoton da aka manna wa amarya ɗari biyar a goshi bai girmi 2001 ba. Wanda ke riƙe da wayar salula ta GSM, shi ma daga 2001 ne zuwa sama. Idan kuma babbar kasuwar Terminus na tsaye lafiya a bayan mutum, to kafin gobarar watan Fabrairu na 2002 aka ɗauka. In ba ku samu shekara takamaimai ba, ku rubuta "wajejen 1985". Kada ku mai da zato ya zama tabbas.

Wajen rubutu, biro ba abokin tafiya ba ne. Yana huda takarda, tawadarsa kuma takan shafi fuskar hoton da ke ƙarƙashi. Ku sa fensir mai laushi, ku rubuta lamba kawai a gefen baya, ba tare da dannawa ba. Cikakken bayani ya tafi cikin littafi guda mai bango mai kauri, kowace lamba da shafinta ko rabin shafi. Hotuna masu kala bayansu santsi gare shi, fensir ba ya kamawa sosai, sai a sa kowanne a ambulan a rubuta lambar a jikin ambulan ɗin kafin a saka hoton.

Na uku, duba masu rauni

A nan ka'ida ɗaya ce: duk abin da ba za a iya warwarewa ba, kada a yi shi.

Laminatin shi ne babban abin da nake roƙo a bari. Mun saba kai takardun makaranta a rufe su da roba, sai muke zaton hoto ma gata aka yi masa. Injin yana aiki da zafi da gam, kuma da zarar roba ta kama fuskar hoto ba mai raba su. In ana son wanda yara za su riƙa jagwalgwalawa, a wanko kwafi a yi wa kwafin. Salatif ma haka yake, yakan koma ruwan ɗorawa ya bar tabo. Hoton da ya yage a sa gutsattsarinsa a ambulan guda, za a haɗa shi a kwamfuta. Robar ɗaure kuɗi takan narke ta manne, a cire ta yau.

Tsohon albam mai shafi mai danƙo da leda a sama yana cin hoto a hankali. Ku gwada ɗaga kusurwa. In ta taso da sauƙi, ku zura siririn zare a ƙarƙashi ku riƙa ja hagu da dama sannu a hankali har ya rabu. In ta ƙi, ku ƙyale, ku ɗauki hoton shafin gaba ɗaya. Wanda ya manne da gilashin firam kada a ɓanɓare shi, fuskar ce za ta bi gilashin. A kwafe shi ta cikin gilashin.

In rufi ya yi yoyo hotuna suka jiƙe, ku raba su tun suna da lema, don in suka bushe a haɗe sun zama kwali guda. Waɗanda aka wanke a situdiyo suna jure a ɗauraye su a ruwa mai tsabta mai sanyi, a shimfiɗa su fuska sama a kan ƙyalle, cikin inuwa. Ban da rana, ban da dutsen guga. Waɗanda aka buga da firintar tawada kuwa ruwa na wanke kalarsu, kada a tsoma su. Mai funfuna a ware shi daban, a bari ya bushe, a kaɗe shi a waje da burushi mai laushi.

Na huɗu, kwafi

Sikana ta fi komai. A shagunan kwamfuta da ke kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello ana samu. Ku ce a sa ta a kan ɗigo 600 a kowane inci, musamman ga ƙananan hotuna irin fasfo, domin a iya faɗaɗa su daga baya. Ga manyan hotuna 300 ma ta wadatar. Ko da hoton baƙi da fari ne, a ɗauke shi da kala. A goge gilashin sikanar tukuna. In akwai rubutu ko hatimi a baya, a kwafi bayan ma. Ku tsaya a wurin har a gama, ku karɓi fayilolin a filas ɗinku, sannan ku ga an goge su daga kwamfutar shagon da idonku.

In ba hali, waya ma tana aiki, kuma ni da ita na yi fiye da rabin namu. Ku goge idon kyamarar. Ku fita baranda ko kusa da taga da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukan hoton. Ku kashe fitilar kyamara. Hoton ya kwanta shimfiɗe, waya a samansa daidai, ba a karkace ba, kuma ku lura kada inuwar hannunku ta faɗa kai. Ku matso da wayar maimakon jawo hoto da yatsa. Idan ƙyalli ya dame ku, manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoto sau da yawa ta kusurwa daban-daban ta haɗa su ta cire ƙyallin.

Manhajojin nan da ke gyara tsohon hoto su sa masa kala, a yi hattara da su. Ba dawo da fuska suke yi ba, cike gurbi suke yi da zato. Mun gwada da hoton kakanmu, sai ga hanci ya miƙe, tsagar fuskarsa ta ɓace. Goggo ta duba ta ce, "Wannan ba Baba ba ne." In za a yi, a yi wa kwafi, a bar na asali yadda yake.

In kun tarar da nagetif, waɗannan dogayen baƙaƙen ledojin fim da mai hoto kan haɗo da su a ambulan, kada ku zubar. Fim guda yakan ɗauki hoto 24 ko 36, kuma ba duka ake wankewa ba. Waɗanda aka tsallake don "ba su yi kyau ba", su ne irin hoton Hajiya gaban murhu.

Kowane fayil a ba shi suna da shekara a gaba, sannan wuri da mutum da lambar da ke littafi, kamar 1970-gangare-hajiya-murhu-12. Da haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa shekaru. Naɗin muryar tsohuwa ya zauna a folda ɗaya da hotunan.

Na biyar, inda na asali za su kwana

Sanyin Jos alheri ne ga hoto, damina ce matsalar. A watan Yuli da Agusta bango yakan sha ruwa, ɗaki ya yi ta warin danshi. Don haka akwatin hotuna kada ya zauna a ƙasa, kada ya jingina da bangon waje, kada a cusa shi cikin silin ƙarƙashin kwano inda zafin rana ke gasa shi, kuma ya yi nesa da madafa. Tsakiyar wadirob a ɗakin kwana ya yi. A sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a jefa ƙananan ƙunshin silika irin na kwalin sabon takalmi. A raba su da kwalaben turare da humra, mai ne, in ya zuba ya gama aiki. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a buɗe a duba ko gara ko kyankyasai sun shiga. Wanda ake so a rataye a falo, kwafi za a rataye, domin haske yana koɗar da kala.

Na shida, na cikin waya

Abin mamaki, waɗannan sun fi na gwangwani shiga haɗari. Waya takan faɗa ruwa, a fizge ta a Farin Gada, memori ya lalace dare ɗaya, shekara biyar ta rayuwar yara ta tafi.

Dokar da masu adana bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A aikace: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filas ko faifan ajiya, ɗaya a intanet ko a hannun ɗan uwa da ke wani gari. Namu na uku yana wurin yayata a Abuja, duk Babbar Sallah muke sabunta shi. Filas ba ya dawwama, bayan 'yan shekaru a kwashe zuwa sabo. A kuma guji memori mai arha fiye da kima, akwai jabu da ke nuna ya karɓi fayil alhali bai ajiye ba.

Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Google Photos ne ke raba shi, kuma tun ranar 1 ga Yuni 2021 duk sabon hoto yana ci daga ciki. iCloud giga 5 yake bayarwa. Asusun Google da aka shekara biyu ba a taɓa ba, kamfanin na iya rufe shi, don haka wanda aka buɗe wa Baba aka manta a riƙa leƙa shi. Kalmar sirri a rubuta ta a takarda, mutum biyu amintattu su san inda take.

WhatsApp da Facebook ba ma'aji ba ne. Suna matse hoto su rage masa inganci, kuma bayanan ranar da aka ɗauka sukan ɓace. In za ku tura wa dangi hoton da za a ajiye, ku tura shi a matsayin dokumen, ta nan ne yake isa yadda yake.

Sai batun mutunci. Hoton tsakar gida yakan ƙunshi mata ba mayafi, da mara lafiya, da mai jego. Na gida ne. Kada a sa shi a sitatus ko a zauren dangi mai mutum ɗari ba tare da an tambayi mai shi ba. Kafin a kai waya gyara a kwashe su. Akwai kuma dattijan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Wanda ya ce a'a, a girmama shi, a nemi naɗar muryarsa in ya yarda.

Duk ƙarshen shekara ku zaɓi hotuna talatin ko hamsin ku kai a wanke su a takardar hoto ta situdiyo, girman inci 5 da 7, ku ba su lamba, ku shigar da su littafi. Takarda ba ta buƙatar caji ko kalmar sirri. Wajen zaɓen kada ku cika da na anko da na ɗaurin aure, waɗannan kowa yana da su.

Na ƙarshe, ku ci gaba da ɗauka

Ku ɗauki abin da kuke gani kullum har kun daina ganinsa. Inna tana tankaɗe. Baba a zaure da rediyonsa. Yara sun kewaye kaskon wuta da asuba sanye da hular sanyi, suna jiran koko da ƙosai kafin makaranta. Buhun dankalin Turawa a lungu, allon karatu jingine da bango, tsohon keken ɗinki, layin unguwa da duwatsun da ke bayansa. Ku ja da baya kaɗan don ɗakin ya shiga, kada ku yanke hoto ya zama fuska kawai. Kada ku ce "ku gyara", da an gyara abin da kuke nema ya tafi. Wanda ya ɗan yi duhu ko ya karkace, in shi kaɗai ne na ranar, a bar shi.

A kowane gida akwai mutum ɗaya da kullum shi ke riƙe da waya, shi ya sa ba ya cikin kowane hoto. A gidanmu har yau ba mu san wanda ya ɗauki Hajiya gaban murhu ba. Kawu yana zaton ƙanin kakanmu ne, wanda ba mu da hotonsa ko ɗaya. Idan ku ne masu ɗauka a naku gidan, yau da yamma ku miƙa wa yaro wayar, ku koma ku zauna kusa da Inna a kan tabarma.